Neman Koci Irin Na Amurka

Yau gidana babu ruwa, kuma ƙwallon ƙafa ce ta ja mini.

Tun da hantsi na tafi inda motocin wayit suke tsayawa, tankokin nan da ke raba wa unguwanni ruwa, na bi layi kamar kowane bawan Allah. Rana ta gasa ni, na haƙura. Da layi ya iso kaina sai na ga Hamad ne a sitiyari, mutumin da ya yi shekaru yana cika mini tanki, har yakan sauko ya sha shayi a ƙofar gidana. Na gaishe shi da fara'a. Ya leƙo ta taga ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce ruwan unguwarmu Ruwais ya ƙare. Na nuna masa tankinsa, ga shi cike har yana ɗiga a ƙasa. Ya ce wannan na mutanen da suka san darajar ɗan wasa ne. A nan na tuna ranar Juma'a na bar ɗan ƙanwarsa a benci tun daga farkon wasa har aka tashi.

"Kabtin," in ji shi, "ka hura usur, wataƙila ruwa ya zo." Ya ja motarsa.

Na koma gida da jarkoki biyu da na roƙa a masallaci. Matata Mastura ta dubi jarkokin, ta dube ni. Duk mai aure ya san irin wannan kallon.

Na san wasu masu karatu za su ce, tun yaushe Na'ibi direba ya zama Kabtin, yadda ake kiran koci a nan? Mutumin da rabonsa da gudu tun ranar da akuyar maƙwabta ta shiga masa ɗaki? Ni ma ina yi wa kaina wannan tambayar. Ku gyara zama ku ji.

A bayan gidajenmu a nan Ruwais akwai wani fili, rabi rairayi rabi gishiri, mallakar Khala Zakiya. Marigayi mijinta, Malam Usman, shi ya kafa turakun raga da tsohon bututu tun zamanin da jakuna ke kawo mana ruwa. Ita kuma duk la'asar tana zaune a gefe da tukunyar balila, dafaffen waken nan mai romo, da farantin gyaɗa. A nan ƙungiyarmu take wasa, Taurarin Gaɓa. 'Yan wasanmu magidanta ne da samari masu sana'a: 'yan dako daga tashar jiragen ruwa, makanikai, tela ɗaya, mai gasa burodi ɗaya. A samansu kuma akwai kwamiti, domin a zamanin nan mutum uku ba sa haɗuwa su sha shayi sai an naɗa musu shugaba da sakatare.

Shugaban kwamitin, Allah ya ƙara wa kujerarsa faɗi, muna kiransa Mai Girma Ra'isu. Sakatarensa kuwa shi ne Ustazu Mai Hatimi, mutumin da ko gaishe shi ka yi sai ya ce za a duba. Tun bara waccan suka yi wa 'yan wasa alkawarin jesi. An zaɓi launi, an yi walimar zaɓen launi. An canza launi, an yi walimar canzawa. Har gobe 'yan wasanmu da singileti suke shiga fili, sai dai a gane su da fuska. Kocinmu na da, Abdulghaffar, wata rana ya yi kuskuren tambayar jesin nan a gaban mutane. Kafin Juma'a ta zagayo aka sallame shi saboda rashin tafiya da zamani. Ya tattara nasa ya nasa ya tafi Yanbu neman aiki, ƙungiya ta zauna babu koci.

Ni kuwa sana'ata tuƙi. Ina tuƙa wani injiniya Ba'amurke, Mista Darel, daga gidansa a Abhur zuwa wurin aikinsu a kudancin gari. Mutumin kirki ne, dogo, rana ta mai da shi ja kamar tumatir, Larabcinsa bai wuce yalla da halas ba. Yayarsa takan aiko masa da jaridun garinsu a nannaɗe, sai su iso bayan labarin ya yi furfura. Wata safiya ya shigo mota fuska a murtuƙe, jarida a hannu. Na ɗauka rasuwa aka yi, har na fara haɗa ta'aziyya da ɗan Turancina na direbobi. Ashe ƙungiyar ƙwallon garinsu ce ta kori babban kocinta.

A hanya ya warware mini. Ƙwallonsu ba irin tamu ba ce. Siffar ƙwai gare ta, da hannu ake ɗaukarta, ƙarti sanye da hular ƙarfe suna karo da juna kamar raguna, kuma wai sana'a ce, da ita suke ciyar da iyali. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suke neman sabon koci. Mai ƙungiyar ya kafa tawaga ta manyan mutane. Suna hawa jirgi daga wannan birni zuwa wancan, suna kai 'yan takara manyan otal su ci abinci, su tambaye su falsafarsu ta wasa. Kullum jarida da sabon suna. Wannan ya ƙi, wancan ya yarda amma matarsa ba ta son sanyin garin, wani kuma ashe so yake a ƙara masa albashi a inda yake. Duk sanda sabuwar jarida ta iso, Mista Darel yakan karanta mini ita tun daga Abhur har mu isa. Tun ina gyaɗa kai don ladabi har na wayi gari ina da ɗan takarata, wani mai ƙaton wuya da na gani a hoto.

To, ni mutum ne da labari ba ya kwana a cikinsa. Wata la'asar a gahwa, wurin shan shayinmu, na kwashe duka na zayyana wa maƙwabcina Idris mai gyaran rediyo, don mu yi dariya kawai. Ban lura Ustazu Mai Hatimi yana bayanmu yana zuƙar shisha ba. Sai na ji ya gyara murya.

"Ya Na'ibi, ka ce har otal suke kai su?"

Na ce haka Baturen ya ce.

"Kuma a jirgi?"

Na ce a jirgi. Ya bi hayaƙi da kallo. Idris ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita.

Ranar Alhamis aka kafa Kwamitin Neman Koci Bisa Tsarin Amurka. Mai Girma Ra'isu ya zama shugabansa, bayan dogon nazari da ya yi shi kaɗai. Ni kuma aka naɗa ni Mashawarci Kan Harkokin Amurka. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na koma gida ina tafiya a hankali yadda manya suke yi. Mastura ta tambayi ma'anar muƙamin, ina cikin neman kalmomi sai Idris ya amsa daga bayan katanga, ya ce ma'anarsa ina da wanet. Wanet ita ce tsohuwar motata mai buɗaɗɗen baya, wadda nake ɗan dako da ita ranar hutu. Gaskiyar Idris kuwa. Duk shawarar da aka nema a wurina ba ta wuce ta inda za a bi a kauce wa ramuka ba.

Zaman farko a bakin teku aka yi shi, can Abhur, domin Mai Girma ya ce tunani ba ya buɗewa sai da iska. Na kwaso tabarmi da matasai da gawayi da mambobi. Aka gasa kifi, aka ci da shinkafa, aka tsai da ranar zama na biyu. A zama na biyu aka yi muhawara mai zafi a kan ko za a kira mutumin da ake nema koci ko mudarrib, aka ɗage maganar saboda kifi ya nuna. Ba na son a ce ina hassada, don ni ma na ci. Ku dai shaida, ban taɓa ganin mutane masu sadaukarwa irin waɗannan ba. Akwai mamban da likita ya hana shi maiƙo, amma saboda kishin ƙungiya bai taɓa fashin zama ba.

A zama na huɗu ko na biyar ɗan takara ya bayyana da ƙafarsa. Sunansa Othman, Bahaushen Sudan ne, malamin makaranta, ya taɓa buga wa wata ƙungiya a can kafin gwiwa ta hana shi. Siriri, mai sanyin magana. Ya ce ya ga samarinmu suna wasa, akwai ƙarfi, akwai zuciya, abin da babu shi ne wanda zai ce wa kowa ga inda zai tsaya. Ya ce ba ya son komai, in an yarda gobe da la'asar zai fara.

'Yan kwamiti suka dubi juna. Mai Girma ya ajiye ƙayar kifi, ya goge hannu, ya tambaye shi falsafarsa. Othman ya ce falsafarsa ita ce a ba wa na kusa ƙwallo. Bayan ya tafi, Mai Girma ya bayyana mana cewa mutumin bai dace ba, domin ya cika sauƙin samu. A Amurka, in ji shi, kocin kirki sai an bi shi an roƙe shi, ya ƙi, a sake komawa. Ya juyo gare ni don in tabbatar, a matsayina na masani. Bakina cike da shinkafa, na gyaɗa kai don in haɗiye, Ustazu ya rubuta cewa mashawarci ya amince.

Ɗan takara na biyu surukin Mai Girma ne, wanda ya taɓa kallon wasa a talabijin ɗin wani attajiri. Shi kam ya cika sharaɗi, don sau biyu aka je gidansa ya ƙi. Ya ce ba zai karɓa ba sai an gina masa ofis mai na'urar sanyi a bakin fili. Kwamiti ya yaba da hangen nesansa, amma aka ga a jira tukuna a duba kasuwar waje.

Kasuwar waje ita ce Alƙahira. Mutum uku suka tafi: Mai Girma, da Ustazu, da wani mamba da ya iya ɗaukar jaka. Mashawarci Kan Harkokin Amurka ya kai su filin jirgi ya dawo gida. Da suka dawo kowa ya yi ƙiba, kowa da sabon agogo. Suka nuna mana hotuna: ga su a gaban dala, ga su a kan raƙumi, ga su a jirgin ruwa a kogi. Idris ya daɗe yana duba hotunan, sannan ya tambaya cikin ladabi wanne ne kocin a ciki, ko raƙumin ne. Ustazu ya ce tawaga ta gano cewa kocin Masar ba zai jure zafinmu ba, kuma wannan ilimi ne da ba a samunsa sai an je.

Duk wannan abin da ake yi, samari suna zuwa fili da la'asar, su rabu gida biyu, su yi ta bin ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba, su yi faɗa, su watse. Sannu a hankali suka fara raguwa. Mai burodi ya daina zuwa. Makanikai biyu suka koma wata ƙungiya. Ga gasar unguwanni tana matsowa.

Wata rana na tsaya sayen gyaɗa, Khala Zakiya ta riƙe ƙullin ba ta miƙo mini ba. Ta ce bana kowa ya ga yadda jirage suka yi layi a teku, kaya sun rasa wurin ajiya, kuma wani ɗan kwangila ya zo mata har gida yana son filin ya jibge bututu. 'Ya'yanta sun ce ta ba shi. Ita kuma ta ce Malam Usman bai kafa turakun nan don a jingina musu bututu ba.

"Amma ka ji, ɗana," in ji ta. "In aka buɗe gasa ban ga Taurari a fili ba, zan ba shi. Ba zan tsare rairayi don manya su ci kifi ba. Ka gaya musu haka, kar ka rage."

Na gaya musu, na ɗan rage. Duk da haka hankalin Mai Girma ya tashi, domin in babu fili babu ƙungiya, in babu ƙungiya babu kwamiti. Ya yi zagaye a kan tabarma, hannu a baya, sai ya tsaya cak. Ya ce mu ne da wauta. Muna ta kwaikwayon Amurka alhali ga Ba'amurke Allah ya kawo mana har Abhur. A kawo Mista Darel ya zama koci.

Na yi iya ƙoƙarina, jama'a. Na ce tasu ƙwallon daban ce. Na kwatanta ƙwai da hannuna. Na ce da hannu suke ɗauka. Mai Girma ya yi murmushi irin na wanda ya je Alƙahira, ya ce ƙwallo ƙwallo ce, Bature kuma Bature ne, in ma da hannu suke yi ai ci gaba ne, mu ne muka tsaya a ƙafa.

Na yi zaton Mista Darel zai ƙi. Da na gaya masa wasu samari suna son ya koya musu ƙwallo, sai idonsa ya cicciko. Ya ce tun zuwansa ƙasar nan babu wanda ya tambaye shi abin da yake so a duniya, kowa sai maganar siminti. Ya buɗe akwati ya fito da ƙwallonsa ta makaranta da hular ƙarfe, ashe duk inda ya je da su yake tafiya. Ganin haka na kasa gaya masa ba irin tasu ƙwallon ba ce. Na ce a raina, in ya ga fili zai gane.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi bikin karɓar ƙwararre. An shimfiɗa dardumai, an jera kujeru masu hannu don kwamiti, an kawo lemun kwalba cikin ƙanƙara, an ɗauko mai hoto daga cikin gari. Unguwa ta fito kaf. Mai Girma ya sha farin tob, doguwar rigar Larabawa, mai guga, da ƙyalle a ka, da baƙar igiya a kansa, yana ƙamshin turare tun daga bakin titi. Ya yi jawabi a kan nahiyoyi uku da bincike ya ratsa. Ni ne tafinta, na taƙaita wa Mista Darel jawabin da cewa ana yi masa maraba.

Da aka gama, Mista Darel ya zaro ƙwallonsa. Kowa ya miƙa wuya. Khala Zakiya ta ce wa ta kusa da ita wannan ai mota ce ta taka ta. Mai Girma bai nuna mamaki ba, shugaba ba ya mamaki a gaban jama'a. Ya karɓi ƙwallon, ya rungume ta a ƙirji, ya taka zuwa tsakiyar fili don mai hoto ya ɗauke shi shi kaɗai, turaku a bayansa.

Shi kuwa Mista Darel ya riga ya jera samari a layi, ya fara darasi na farko. Ya ce a wasansu doka ta fari ita ce, duk wanda ke riƙe da ƙwallo, da zarar an hura usur, ka ruga ka rungume ƙugunsa ka kai shi ƙasa. Na fassara kalma da kalma, domin amanar tafinta ke nan. Ya tambaya ko sun gane. Suka ce sun gane. Sai ya sa usur a baki don ya ji ko yana aiki.

A cikin layin akwai Mahmudu. Ɗan dako ne a tashar jirage, mutumin da yake saɓa buhun siminti biyu ya hau tsani yana hira. Tun ranar da aka yi alkawarin jesi aka auna ƙirjinsa, aka sake aunawa da aka canza launi. Ban ga tashinsa ba. Ƙura kawai na gani, sai na ga Mai Girma ya bar ƙasa. Ƙyalle ya yi gabas, baƙar igiya ta gangara kamar taya har gaban tukunyar balila, takalmi ɗaya ya tsaya a inda mai shi yake tsaye. Mai hoto kuwa, Allah ya yi wa sana'arsa albarka, a daidai lokacin ya danna.

Mista Darel ya yi ta tafi. Ya ce in gaya wa wannan saurayi, da a Amurka yake da ya yi arziki. Wannan ban fassara ba. Mahmudu ya ɗaga Mai Girma, ya karkaɗe masa tob da ladabi, ya ce ya yi haƙuri, kwamiti ne ya sha gaya musu cewa bin umarnin koci wajibi ne. Sai a lokacin wani ya gangaro da tamu ƙwallon, mai zagaye, Mista Darel ya dube ta, ya dube ni. A hanyar Abhur bai yi mini faɗa ba. Dariya ya yi ta yi har sai da na tsaya a gefen titi ya sha ruwa.

Mai Girma ya kwanta jinyar haƙarƙari. Ustazu ya sanar da cewa an kammala zangon farko na bincike cikin nasara, an dakatar da na biyu har sai shugaba ya iya yin tari. Ni kuma aka sauke ni daga muƙamin mashawarci saboda fassara ba tare da hikima ba.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe gasa, na dawo daga aiki na tarar da Khala Zakiya a tsakar gidana, ita da Mastura, suna shan shayi. Yadda suka yi shiru da na shigo ya nuna mini an riga an yanke hukunci. Khala ta ce ta aika a kira Othman, aka ce mata 'yan unguwar Kandara sun ɗauke shi tun washegarin da kwamiti ya ce ya cika sauƙin samu. Saboda haka ni ne koci.

Na ce Khala, ni ko dokar satar gida ban sani ba. Ta ce alƙalin wasa ya sani, aikinsa ne. Ta ce ina da mota da za ta kwashe su, ina da murya, kuma samari suna jin kunyata don na girme su. Na ce kwamiti fa? Ta ce filin na kwamiti ne? Na juya wajen Mastura neman ceto.

"Abu Bashira," in ji ta, tana kirana da sunan 'yarmu, "kai ka kai labarin gahwa. Kifin ma ka ci."

Washegari Khala ta aiko mini da usur sabo a kwalinsa.

Abin da na yi a kwanakin da suka rage ba shi da yawa. Na bi gida gida na dawo da mai burodi da makanike ɗaya. Na ce wa kowa ya zaɓi wuri ya tsaya, kar ya bar shi sai da dalili. Na ari falsafar Othman, na ce a ba wa na kusa. Na ja Mahmudu gefe na roƙe shi don Allah ya manta da darasin Bature. Mastura da maƙwabtanta suka rina singiletin duka da shuɗi, ya zama karo na farko da Taurarin Gaɓa suka yi kama da juna.

Ƙuri'a kuma ta haɗa mu da 'yan Kandara, a filinmu. Ga Othman can a ɗaya gefen, hannu a aljihu, ba ya ko ɗaga murya, yaransa suna ba wa juna ƙwallo kamar masu raba goro a ɗaurin aure. Kafin hutu sun zura mana uku. Ni kuwa na yi ihu har muryata ta dushe, rabin abin da nake faɗa ni kaina ban san ma'anarsa ba. Bayan hutu suka ƙara ɗaya. Can kusa da tashi tela ya bugo wata ƙwallo sama, ba don ya yi niyya ba, ta sauko a kan Mahmudu, ta daki goshinsa ta faɗa raga.

Ban san lokacin da na shiga fili ba. An ce na yi gudu har tsakiya, tob a hannu, ina rungumar duk wanda na samu, har da ɗan Kandara ɗaya. Da na waiwaya na ga Khala Zakiya ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ɗan kwangilar yana tsaye kusa da ita tun farkon wasa, yana jiran amsa. Ta share ido, ta zuba masa balila a kofi, ta ce ya sha ya nemi wani wuri. Othman ya zo ya ba ni hannu, ya ce in ina so in riƙa zuwa wurinsa ranar Litinin ya nuna mini yadda ake tsai da 'yan baya. Na ce zan zo, kuma zan je.

An ci mu huɗu da ɗaya, amma fili yana nan. Na ɗauka magana ta ƙare.

Shekaranjiya da yamma sai ga kwamiti a ƙofar gidana, gaba ɗayansu. Mai Girma yana tafe a hankali, hannu a haƙarƙari. Suka zauna, suka sha shayi, suka cinye biskit ɗin da aka ajiye wa Bashira. Sannan Mai Girma ya miƙe ya ce naɗina shi ne sakamakon da bincike ya nufa tun farko, sai dai an bi ta Alƙahira ne don a tabbatar babu wanda ya fi ni. Ya ce duk da sakamakon Juma'a, kwamiti yana da cikakkiyar amincewa da Kabtin Na'ibi, yana bayansa ɗari bisa ɗari, kuma duk jita-jitar da zan ji kar in kula ta. Ni ban ji wata jita-jita ba, amma na yi godiya. Har na raka su bakin titi.

Jiya da safe na ba Mista Darel labari a mota, ina fassara masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina. Da na zo kan cikakkiyar amincewa sai ya sauke jaridarsa. Ya sa na maimaita. Ya tambaya ko shugaban da kansa ya faɗa, kuma a gaban mutane. Na ce ƙwarai. Ya miƙo hannu daga kujerar baya ya dafa kafaɗata, ya daɗe bai ɗauke ba. Ya ce a ƙasarsu, in mai ƙungiya ya faɗi wannan magana, koci yakan koma gida ya ce wa matarsa ta fara ɗaure kaya.

Saboda haka in kun ga wani mutum mai dusasshiyar murya a kasuwa mako mai zuwa yana tallan usur, ku saya ba tare da dogon ciniki ba. Sabo ne, wasa ɗaya ya yi.